Baba Sau-Uku da Soket ɗin Bayan Ƙofa

Kafin a tayar da injin farko a maɗaba'armu, mai lantarkinmu ya riga ya iso. Yakan jingina kekensa ƙarƙashin matakala, ya cire agogo da zobe ya jefa su cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya sa takalmin roba mai kauri, sannan ya buɗe jaka ya fito da mita. Mitar rawaya ce, ba ta fi tafin hannu da yatsu ba. Tana da fuskar gilashi inda lambobi ke fitowa, da abin murɗawa a tsakiya, da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowacce da tsinken ƙarfe a bakinta. Zai ja kowace waya tsakanin yatsunsa daga gindi har baki, a hankali, yana laluben tsagewa ko inda roba ta saɓule. Zai haɗa tsinkayen biyu ya ji mitar ta yi ƙara, alamar wayoyin ba su katse ta ciki ba. Daga nan sai ya murɗa ta zuwa awon ƙarfin wuta, ya nufi bayan ƙofa.

A bayan ƙofar ɗakin injuna akwai soket mai baki biyu. Baki ɗaya na ɗauke da ɗan ƙwan lantarki ja da ba a kashewa. Ɗayan a buɗe yake kullum, kuma ba wanda ya isa ya sa cajar wayarsa a ciki, ko da Manaja ne. Wannan soket shi yake kira shaida. Muddin jan ƙwan na ci, kowa ya san akwai wuta a wurin, don haka mitar da aka soka a ɗaya bakin dole ta nuna ɗari biyu da talatin ko kusa da haka. In ta nuna, sai ya gyaɗa kai, ya zare wayoyin, ya ce mana ina kwana. Kafin wannan, ko gaishe shi ka yi, hannu kawai zai ɗaga maka.

Ni ce mai duba kurakuran rubutu a gidan. Teburina na jikin tagar gilashi da ke kallon ɗakin injuna, don haka na shafe shekaru ina kallon wannan bawan Allah ko ina so ko ba na so. Ba ni da sanin lantarki, kuma ba na neman sani. Abin da ya haɗa ni da aikinsa shi ne ƙanena, wanda gida da waje ake kira Auta duk da furfurar da ta fara leƙo masa a gemu. Auta ne bakaniken gidan. In inji ya tsaya, mai lantarki ne ke kashe wuta ya auna, sannan Auta ya zura hannu ya kwance abin da zai kwance. Auta ba ya ganin wuta, ba ya jin ƙanshinta. Maganar dattijon nan kawai yake da ita, kalma biyu, “Ta mutu,” kuma a kansu yake ɗora hannuwansa.

Wannan kalma biyu kuwa ba ta fita da arha. Sai ya kashe bireka, wato makunnin da ke katse wutar inji, ya maƙala mata kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Sai ya je gaban shaida ya gwada mitar. Sai ya dawo ya auna injin. Ko sifiri ya gani, ba zai ce komai ba, zai sake takawa zuwa bayan ƙofa ya gwada mitar a karo na biyu, don ya tabbatar ba a hanya ta mace ba. Shaida, inji, shaida. Daga nan aka sa masa Baba Sau-Uku, har sababbin ma'aikata suka ɗauka sunan yanka ne.

Ya sha tsokana a kan wannan tafiya da dawowa. Auta ne kan gaba.

“Baba, kai ko ruwa aka ba ka sai ka kai shi gaban shaida?”

“Ruwa ina ganinsa da idona,” in ji shi. “Kai dai riƙe sifanarka.”

“Takalminka ne nake tausayi, wallahi. Ya san hanyar bayan ƙofar nan fiye da hanyar gida.”

“Takalmi ana sake saye.”

Iyakar amsarsa ke nan. Ba mai dogon bayani ba ne, kuma ban taɓa jin ya yi wa wani lacca ba. In ka tambaye shi zai nuna maka, in ba ka tambaya ba zai bar ka, sai dai in hannunka ya doshi inda bai kamata ba. A nan ne kawai ake jin muryarsa ta tashi.

Mai janaretanmu yana da labarinsa. Ya taɓa sayen tasa mitar, ya auna gudun wutar wani batir da ita, ya bar jar wayar soke a ramin awon gudu na jikin mitar. Washegari ya zo zai auna ƙarfin wuta a allon janareta, bai mayar da ita raminta ba. Ya ce tsinken ya kusa taɓa ƙarfe sai ya ji an damƙi gwiwar hannunsa ta baya. Baba ne, ya nuna masa ramin da ɗan yatsa. Daga baya ya gaya masa cewa in jar waya na wannan rami, mitar ta zama gajeriyar hanya ga wuta, kuma abin da zai biyo baya a fuskar mai riƙe da ita zai tashi. Shi ya sa Baba ba ya taɓa naɗe mita da wayoyi a jikinta. Da ya gama aiki zai zare duka biyun, don gobe dole ya tsaya ya duba inda zai soka kowacce. Mai janareta yanzu haka yake yi, kuma yana ba da labarin kamar shi ya ƙirƙiro dabarar.

Mai kula da sito shi ma yana da nasa, kodayake shi da ƙorafi yake bayarwa. Fis ɗin cikin mitar ya taɓa ƙonewa, irinsa kuma babu a sito. Ya kawo shawarar a ɗaura siririyar waya a wurin kafin a samo, kamar yadda ake yi wa fulogin dutsen guga. Baba ya dube shi, ya rufe mitar, ya ce ba zai auna gudun wuta ba sai fis na gaskiya ya zo. Aka yi ta jeka-ka-dawo tsakanin ofis da sito, Manaja ya yi faɗa, mai sito ya yi fushi, Baba ko a jikinsa. Da fis ɗin ya iso ma sai da ya karanta rubutun jikinsa ya gwada da tsohon kafin ya sa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, sai mai zama a taga irina zai lura. Yatsunsa ba sa wuce ɗan tudun robar da ke bayan tsinke. Baƙar waya yake fara maƙalawa, ja ta biyo baya, in zai cire kuma ja ce ke fara fita. A gaban babban allon wuta hannunsa na hagu yana aljihu, har baƙi kan ɗauka yanga ce. Ba ya murɗa mita tsinke na jikin waya. Ba ya auna lafiyar waya ko ta fis sai wuta na kashe, kuma in akwai kafasita, wato abin nan da ke riƙe wuta ko bayan an kashe, sai ya sauke ta ya auna ya ga ta huce. In ƙasa da danshi, sai an goge an shimfiɗa roba. Da alamar batir ta fito a fuskar mita, a ranar zai canza shi. Matarsa, da muke kira Inna, ta ce min ko a gida haka take fama.

“'Yar nan, ƙwan ɗaki zai canza sai ya ɗauko jakar nan. In ce masa malam, ƙwai ne fa. Ya ce ai ƙwan ba ya kisa, abin da ke bayansa ne.”

Kai ne, Baba, mutumin da aikinsa in ya yi kyau ba abin da ke faruwa. Mai jan inji yana da littattafan da zai nuna, mai ɗinki yana da bangon littafin da ya haɗa, ni ma ina iya buɗe shafi in ce ga waƙafin da na gyara. Kai ba ka da abin nunawa. Ba a taɓa fitar da kowa daga ɗakin nan a kan hannu ba tun da ka zo, kuma ba wanda ke zuwa ya yi godiya saboda abin da bai same shi ba. Mun dai saba, kamar yadda ake sabawa da rufin da ba ya yoyo.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar buga littattafan makaranta, motar ɗaukar kaya na tsaye a tsakar gida, direba na ta danna ham. Da hantsi babban injin ya fara warin ƙuna, aka tsayar da shi. Auta ya ce motar lantarkin da ke juya injin ce, sai an kwance wayoyinta an fito da ita. Baba ya sauke bireka, ya sa kwaɗo, ya je gaban shaida. Mita ta nuna ɗari biyu da talatin. Ya dawo ya durƙusa, ya buɗe murfin, ya gyara wa mitar zama a jikin injin. Wayoyi uku ne ke shiga motar, kowacce a ɗaure da noti. Ya auna ta farko, sifiri. Ta biyu, sifiri. Ta uku, sifiri.

Ni a lokacin na fito da wasu shafuka zan kai wa mai jan inji, don haka a tsaye nake kusa da su. Auta ya riga ya durƙusa, sifana a hannu. Manaja na bakin ƙofa yana duba agogo.

“Baba, sifiri uku ke nan. In shiga?”

“Na ce maka wani abu?”

“Ba ka ce ba, amma ai na gani.”

“To ci gaba da gani.”

Ya miƙe da ƙyar, don gwiwa ta fara ba shi wahala, ya taka zuwa bayan ƙofa. Manaja ya yi ɗan tsaki, ba mai ƙarfi ba. Jan ƙwai na ci. Baba ya soka tsinkaye, mita ta nuna sifiri.

Ya tsaya. Ya zare, ya sake sokawa, sifiri. Ya duba ramukan, ya shafa abin murɗawa, ya ja wayoyin tsakanin yatsu. Ya kawo fuskar mitar kusa da hancinsa, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen haske. Sannan ya waiwayo ya kira ni.

“'Yata, zo. Idonki ya saba da ƙananan haruffa. Ban da sifirin nan, me kika gani?”

Na duba. Na ce, “Akwai wani ɗan harafi a kusurwar sama, Baba. H ne.”

Ya danna wani maɓalli da babban yatsa, harafin ya ɓace, ɗari biyu da talatin ta fito. Maɓallin nan aikinsa ya daskarar da lambar da ke fuska, don mai awo a lungu ya fito haske ya karanta. Yatsan Baba ya danne shi ba da sani ba sa'ad da yake gyara wa mitar zama, tana kan sifiri, sai ta tsaya a sifiri. Duk abin da ya auna bayan nan, ba awo ba ne.

Ya koma wajen injin, ya ce wa Auta ya ja baya. Ta farko, sifiri. Ta biyu, sifiri. Ta uku, ɗari biyu da talatin. Daga baya da aka buɗe birekar aka ga ƙafarta ɗaya ta narke ta manne a ciki. Hannunta na ƙasa, kwaɗo na jiki, wuta na wucewa abinta. Notin waya ta uku shi ne na bakin murfi, wanda duk bakanike zai fara ɗora wa sifana, ɗaya hannun kuma dafe da ƙarfen inji.

Auta ya ajiye sifanar a ƙasa a hankali, ya je ya zauna a kan damin takarda. Ni kuwa na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na jingina da bango da shafukan mutane a hannu. Uwa ɗaya ta haife mu, ni na goya shi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Yaya, ba komai fa.”

Baba ya je ya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya daga babban allo. Shaida kuwa layinta daban ne, jan ƙwai bai mutu ba. Ya gwada mita, ya auna inji, ya koma ya sake gwadawa, ba gaggawa, kamar ba abin da ya faru. Sannan ya ce, “Ta mutu.” Sai da ya faɗa sau biyu kafin Auta ya tashi.

A ranar kowa ya yaba masa. Mai sito ma ya zo ya ba shi hannu. Manaja ya ce daga yau wanda ya sake yi wa Baba dariya a kan bayan ƙofa, da shi yake. Mun ɗauka maganar ta ƙare ke nan, da daɗi.

Washegari ya zo kamar kullum, ya cire agogo da zobe, ya duba wayoyi, ya je gaban shaida. Daga nan bai shiga ɗakin injuna ba, ya shiga ofis. Katako ne kawai tsakanin teburina da na Manaja, don haka na ji komai, kuma Baba ya ba ni izinin faɗa.

“Yallaɓai, a nemo wani mai lantarkin.”

“Subhanallahi. Wani ya ɓata maka rai ne, Baba?”

“Ba kowa. Jiya ban ga harafin nan ba. A gaban hancina yake, ban gan shi ba.”

“Amma ai ka koma. Komawarka ce ta tsare mutumin nan.”

“Komawa ta rufa min asiri jiya. Gobe ba harafi ba ne. Ramin da na soka ja ne, ko launin waya a cikin akwati mai duhu. Wannan shaida ba za ta kama min shi ba.”

“To a canza tabarau mana.”

“Na canza. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe shi, sai an yi aiki. Na ɗauka da sauran lokaci. Jiya na ga babu.”

Manaja ya ce za a haɗa shi da wani ya riƙa karanta masa lambobin, shi kuma ya riƙa ba da umarni.

“In wani ne zai gani, to shi ne mai lantarki, ba ni ba. Yallaɓai, ka san ƙa'idata. Mitar da ta kasa gani a gaban shaida ba na kai ta gaban inji. Jiya mitar lafiyarta ƙalau. Ni ne na kasa.”

Lokacin ritayarsa bai yi ba. Yana da 'yar auta a makaranta, kuma mutum ne da bai iya zaman gida ba, Inna ta ce ranar hutu ma sai ya yi ta zagaye tsakar gida kamar wanda ya yar da wani abu. Ba wanda ya lura da idonsa. Ni da na karanta masa harafin ma ban kawo komai a raina ba, na ɗauka hasken wurin ne. Da ya yi shiru, da ya ci gaba da aikinsa ana ta yabonsa. Auta ya bi shi har wajen keke yana roƙo.

“Baba, ni fa na yarda da kai. Ko ido rufe ka ce ta mutu, zan shiga.”

“Shi ya sa zan tafi,” in ji Baba.

An ɗauko sabon mai lantarki, wani dogon mutum mai yawan fara'a, muna kiransa Dogo. Baba ya zauna da shi har ya nuna masa inda kowace waya ta bi a gidan, da birekar da ke yaudara, da lungun da ruwa ke taruwa in an yi ruwan sama. Duk tsawon lokacin hannuwansa na goye a baya, bai sake taɓa tsinke ba. Dogo ya san aikinsa, da tasa mitar ya zo, kuma ba sai an koya masa gwaji kafin awo da bayan awo ba. Abin da bai taɓa gani ba shi ne soket da aka keɓe don haka kawai. Ya ce zai riƙe shi. Yanzu in ya auna inji ya ga sifiri, Auta ba ya ko duban sifana sai ya ga dogayen ƙafafun nan sun je bayan ƙofa sun dawo.

Ga masu riƙe mita, a ma'aikata ko a shago ko a gida, ba ni da ilimin da zan ƙara muku. Abin da na gani daga taga kawai zan faɗa. Ku nemi wurin da kuka tabbata akwai wuta, ku gwada mitarku kafin awo, ku koma ku gwada bayan awo, ko ana danna muku ham a waje. Ku duba ramin da jar waya take. Kuma ranar da kuka ga idonku ko hannunku ya fara ba ku labarin da ba haka ba, ku faɗa da bakinku kafin wani ya ɗora hannu a kan maganarku.

An yi wa Baba aikin ido, ɗaya ya buɗe sosai, ɗayan ana jira. Manaja ya aika a tambaye shi ko zai dawo, ya ce Dogo ya isa. Kwanan baya matar Auta ta haihu, muka ɗauki jaririyar muka kai masa ya gani. Yana zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Auta ya durƙusa ya miƙa masa ita. Baba ya karɓa, ya duba fuskarta da sabon idonsa, ya yi mata addu'a, ya miƙa wa Inna. Sai ya kamo hannun Auta na dama, ya ja shi tsakanin yatsunsa daga wuyan hannu har ƙarshen kowane ɗan yatsa, a hankali, yadda yake yi wa wayoyin mita da safe. Ya kamo na hagu ya yi masa haka.

“Lafiya lau suke,” in ji Baba, ya sake su.

Mun gode, Baba Sau-Uku. Allah ya buɗe ɗaya idon, ya ba ka lafiyar gwiwa. Da hannuwan nan biyu Auta ya ɗauki 'yarsa muka koma gida.